Dodon da Kamilu Ya Kai Maradun

Shagona na ɗinki yana jikin shagon Kamilu, bango ɗaya ya raba mu, a kan titin da ya nufi tashar mota a Talata Mafara. Shekara huɗu muka yi muna maƙwabtaka. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba a teburin mai shayi na tsinto shi ba. Wani na gani da idona, wani na ji ta bangon nan da ba ya riƙe sirri, wani kuma da hannuna a ciki, kuma zan faɗi nawa laifin idan an zo wurin. Sunana Mas'ud, tela ne ni.

Kamilu ɗan Malam Jatau ne na Ruwan Gizo. Malam Jatau manomi ne mai gona a filayen Bakolori, shinkafa da damina, alkama da albasa da rani. Mutum ne da ba ka jin muryarsa sai wurin gaisuwa. 'Ya'yansa maza uku ne. Biyu sun bi shi gona, Kamilu kuwa ya ce shi ba a halicce shi don laka ba.

Tun yana ƙarami an san shi da abu ɗaya, wato tsorata mutane. Ya laɓe bayan rumbu, 'yan mata sun taso daga rijiya da tuluna a ka, ya yi tsalle ya kurma ihu. In tulu ya fashe, ranar ya ci riba. Ya taɓa tsintar mataccen maciji ya naɗe shi cikin takalmin liman a ƙofar masallaci. Aka yi masa duka, aka ce ƙuruciya ce, zai bari. Bai bari ba. Girma kawai ya yi, ya sami waya.

Ya shiga babbar makaranta a nan Mafara, ya yi shekara guda ya fito, wai malaman zamani ya wuce su. Ya buɗe gidan kallon ƙwallo, bai kai wata biyar ba ya rufe, domin shi da kansa yake tsayawa musu da masu kallo har a watse. Daga nan ya kama shagon da ke jikin nawa, yana cajin waya, yana tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi. Gaskiya wannan aikin ya karɓe shi, tunda zama ne a inuwa da danna kwamfuta. A saman ƙofa ya sa aka rubuta da jan fenti: Darakta Kamilu. Ba wanda ya taɓa ganin ya ba ko akuya umarni ta bi, amma sunan ya zauna, saboda mutanenmu in ka ce a kira ka da abu za su kira ka, su yi dariyarsu bayan ka wuce.

Wata rana bayan azahar ya shigo mini da waya a hannu.

"Yaya Mas'ud, aje almakashin nan ka ga yadda duniya ta ci gaba."

Ya nuna mini bidiyo daga wata ƙasar Turawa. Shagon sayar da tufafi ne, mutane suna gwada riga a gaban madubi. Kwatsam sai wata fuska mai jini ta bayyana a cikin madubin. Mace ta kwarma ihu ta faɗi, wani ƙato ya ruga ya bar matarsa. An ɓoye kyamara tana ɗaukar komai. A ƙarshe sai sunan wani fim na ban tsoro ya fito da ranar da za a fara nuna shi. Ya nuna mini na biyu, ya nuna na uku, duk iri ɗaya.

"Ka ga wanga? Mutum miliyan talatin sunka kalla, fim ɗin ma bai fito ba. Haka ake talla yanzu."

Na ce, "Su mutanen an tambaye su kafin a yi musu haka?"

"In an tambaye su ai ba su firgita."

"To, Kamilu, ina jin can tsoro ya yi musu ƙaranci, shi ya sa suke saye. Mu nan kyauta ake raba mana shi."

Ya dube ni irin duban da ake yi wa wanda bai taɓa fita daga garinsu ba, ya ce shi ma fim zai yi. Har ya sa masa suna, Mai Gadin Madatsa. Labarin wani dodo ne da ke kwance a ƙarƙashin ruwan madatsar Bakolori, yana bin kanal, wato magudanar ban ruwa, yana fitowa a gonaki. Na tambaye shi me dodon yake so. Ranar ya ce fansa yake nema. Washegari ya ce matarsa aka sace. Ran jibi ya ce dodon tsohon injiniya ne. Bai rubuta ko layi ɗaya ba, ba shi da kyamara sai wayoyi biyu, ba shi da 'yan wasa. Abin da yake da shi fosta ce da aka buga masa a Gusau, da hotonsa ya riƙe haɓa.

"Talla ake fara yi," in ji shi. "In tallar ta kama, masu kuɗi da ƙafarsu za su zo nemana."

Dodo dai sai da mutum a ciki, don haka ya nemo Nagode. Nagode ɗan dako ne a tasha, mai kimanin shekara arba'in, dogo, ƙaƙƙarfa, yana ɗaukar buhun albasa kamar matashin kai. Yana da mata, Taiba, da 'ya'ya biyar. Ban taɓa ganin mutum mai sanyin hali kamarsa ba. In ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Kamilu ya zaunar da shi, ya saya masa lemo, ya ce masa yana da jikin manyan jarumai, kuma duniya duka za ta san fuskarsa. Nagode bai tambaya ba ta yaya za a san fuskar wanda aka rufe wa fuska.

A Bakura suka fara. An tara buhunan albasa a gefen tasha ana jiran babbar mota. Kamilu ya sa Nagode ya shafa gawayi a hannu, ya shiga wani ƙaton buhu, aka jingine shi cikin sauran. Ya huda kwali ya saka waya a ciki, ya ajiye a kan benci. Sharaɗin shi ne in ya yi fito, Nagode ya zuro hannu ya yi gurnani. Amma Darakta bai ga taron ya ishe shi ba, sai ya bar bawan Allah kusan awa ɗaya cikin buhu, a tsakar rana, tsakanin albasa. Can wani dillali ya zo yana lallatsa buhuna, Kamilu ya yi fito, baƙin hannu ya fito ya cafke ƙafar dillali. Dillali ya yi salati ya faɗi da baya. 'Yan kamasho ba su tsaya tambayar aljani ne ko ɓarawo ba, suka ɗauko sanduna suka hau buhu da duka.

"Mutum ne! Wallahi mutum ne!" Nagode yana ihu daga ciki.

Kamilu yana tsaye taku goma daga wurin. Bai buɗe baki ba sai da ya ga an yi dukan da zai cika bidiyo. Sannan ya fito yana tafi yana cewa wasa ne, fim ne. Aka yi ta zagin Kamilu, wani ya ci kwalarsa, aka rabu.

Ya ɗora bidiyon a intanet da sunan fim a ƙarshe. Cikin mako guda mutum dubu arba'in suka kalla. Daga ranar tafiyar Kamilu ta sauya. Ya sayi baƙin tabarau da wata riga marar hannu mai aljihu kusan goma, duk babu komai a ciki. Nagode ya kwana uku bai iya ɗaga buhu ba, amma da yara suka fara nuna shi a tasha, sai na ga yana murmushi a ɓoye.

Ga nawa laifin. Bidiyon Bakura na kalle shi sau biyu, kuma na yi dariya har da hawaye. Da Kamilu ya kawo mini baƙin yadi da tsohon gidan sauro da kaba da ƙahonin rago biyu, ya ce in ɗinka wa dodo riga, ban ƙi ba. Na ma zuba basira. Na yi mata kafaɗu masu faɗi, na jera kaba tana reto kamar gashi, na ɗinke ƙahonin a kan hular da ta rufe kai gaba ɗaya. Ramukan ido sun yi ƙanana. Da Nagode ya gwada ya ce ba ya ganin komai sai haske-haske. Na ɗauki almakashi zan faɗaɗa, Kamilu ya riƙe mini hannu.

"Bar shi. Dodo ba gani yake bukata ba, ganinsa ake bukata a yi."

Na bari.

Wanda rigar ta fara ci shi ne Malam Ishaq, shugaban makarantar firamare, wanda ya shekara talatin yana koyarwa. Shi ya koya wa Kamilu haɗa baƙi. Kullum bayan an tashi makaranta yana bin gefen kanal a kan kekensa zuwa gida, kuma Kamilu ya san haka. Ya sa Nagode ya kwanta cikin ruwa bayan ciyawa. Malam yana isowa, dodo ya miƙe, laka da kainuwa suna zuba daga ƙahoninsa. Malam Ishaq ya faɗa cikin komin albasa shi da keke, ya tashi da takalmi ɗaya, hula ta yi nata wuri, ya ruga yana kiran "Inna! Inna!" Mahaifiyarsa ta shekara ashirin a ƙasa.

Kamilu ya yanko wurin kiran nan ya maimaita shi sau uku a bidiyon, ya sa masa sautin dariya a baya. Kafin mako ya zagayo, in Malam ya juya zai yi rubutu a allo, sai a ji wata siririyar murya daga bayan aji ta ce "Inna!"

Malam Ishaq ya zo shagon da kansa. Ya yi sallama, ya gaishe ni, ya gaishe da Kamilu kamar sa'ansa, har ya tambayi lafiyar Malam Jatau. Sannan ya ce, "Kamilu, alfarma na zo nema. Ka cire abin nan. Ina da surukai, ina da ɗalibai."

Kamilu ko tabarau bai cire ba. "Haba Malam, ai suna na yi maka. Shekara talatin kana cin alli, wa ya san ka a Legas? Yanzu har daga Sudan ana tambayarka."

Malam ya dube shi. Ya ce, "To, madalla." Ya hau kekensa, wanda har lokacin ƙafar gaba a karkace take, ya tafi. Na shiga na ce wa Kamilu abin da ya yi bai kyauta ba. Ya ce duk babban aiki sai an taka wani. Na koma kan kekena na ci gaba da ɗinki, na ɗauka na sauke nauyi.

Daga nan kasuwar dodo ta fara faɗuwa. Mafara da Bakura kowa ya san shi. In Nagode ya fito da rigar, yara ne ke bin sa suna tafi, mata su ce, "Sannu Nagode, ya Taiba?" Masu kallo suka ragu, masu kuɗin da za su zo da ƙafarsu ba su zo ba. Kamilu ya yi kwanaki fuska a murtuke, sannan ya shigo da sabuwar dabara. Za a je Maradun ranar kasuwa, inda ba a san dodo ba. Kuma wannan karon dodo ba zai fito shi kaɗai ba. Zai sa babura biyu su shigo a guje, mahayan sun naɗe fuska da rawani, a matsayin bayin dodo. Ya kuma ɗauko sauti daga wani fim na yaƙi, ihu da ƙarar harbi, zai saki a babbar sifika mai batir.

Na tsayar da keke. "Kamilu, babura, fuska a naɗe, da ƙarar bindiga, a Maradun? Ka san sunan wannan abin kuwa?"

"Ai shi ne gishirin, Yaya Mas'ud. Firgita ta gaske ake so."

"Rabin mutanen kasuwar nan daga ƙauyuka sunka gudo. Wasu sun binne nasu."

"Minti biyu ne fa. In an gama kowa ya yi dariya."

'Yan kabu-kabu biyun da ya fara nema, da suka ji bayanin, suka ce Allah ya kiyaye. Sai ya nemo wasu, bai gaya musu zancen sifika ba. Nagode ma bai gaya masa ba.

Ban je Maradun ba. Abin da ya faru na ji shi daga bakin Nagode, kuma daga baya na ga bidiyon. Da hantsi ne, kasuwa ta fara cika. Kamilu ya zaɓi mashigar da matan ruga ke zama da ƙoren nono. Waya ɗaya ya ɗaure a jikin rumfa, ɗaya ya cusa cikin kwandon wani mai tumatir ba da saninsa ba. Ya laɓe bayan wata babbar mota, ya kunna sifika, ya ɗaga wa masu babura hannu.

Mutanen wurin ba sa bukatar a koya musu gudu. Ba su kai ga juyawa su duba ba. Farantai da kwanduna suka kife, awaki suka tsinke, wata mata ta faɗa cikin kwalbati da ɗanta ta toshe masa baki da hannu. Wani dattijo mai ciwon ƙafa ya ja jiki ya shige ƙarƙashin mota. Masu shaguna suka bar ƙofofi a buɗe. Masu baburan kansu da suka ji harbi, ɗaya ya yar da babur ya bi masu gudu. Duk kasuwar nan ba wanda ya dubi dodo. Kafaɗun da na yi, da kabar da na jera, da ƙahonin, ko mutum ɗaya bai gani ba. Nagode yana tsaye a tsakiyar fili, ba ya ganin komai, yana ɗaga hannuwa yana gurnani kamar yadda aka umarce shi.

Mutum ɗaya ce ba ta gudu ba, Inna Saude. Bafulatana ce mai kimanin shekara sittin. Shekara uku kafin nan 'yan bindiga sun shiga rugarsu, suka kashe mijinta a gabanta, suka kore shanu. Ta dawo gefen Maradun da ɗanta Hamma, shi yana kiwon shanun mutane, ita tana sayar da nono. Da ta ji ƙarar nan da rurin babura, sai ta ajiye ludayi, ta rufe ƙwarya da faifai, ta ja mayafi ta lulluɓe kanta, ta shiga maimaita kalmar shahada. Ta zauna tana jira. Wayar da ke cikin kwandon tumatir tana kallonta daidai, ta ɗauke ta minti huɗu cur.

Wani ɗan sa-kai ya shigo a guje da bindigarsa adaka. Ya ga wani baƙin abu mai ƙaho a tsakar kasuwa, ga harbi yana tashi ta ko'ina, sai ya saki wuta. Harsasan suka sami Nagode a cinya da gwiwa. Ya faɗi.

Sai a lokacin Kamilu ya kashe sifika ya fito yana ɗaga hannu. "Wasa ne! Fim ne, jama'a! Ga kyamara can!"

Da mutane suka dawo suka fahimci abin da aka yi musu, ba don 'yan sanda sun iso ba da labarin Kamilu a nan ya ƙare. Sun fasa masa leɓe, sun yage rigar mai aljihu goma. Ɗan kabu-kabun da bai gudu ba ya rantse mini cewa lokacin da ake tura Kamilu cikin mota, ga Nagode kwance cikin jini ana yanka masa riga da wuƙa, abin da Darakta ya juyo ya tambaye shi shi ne, "Wayar fa? Ta ɗauka?"

Ya yi kwana tara a tsare. Malam Jatau ya bar gona ana tsakiyar ban ruwa, ya ɗauki dattawa biyu, suka yi ta bin gidaje a Maradun suna ba da haƙuri. Dattijon da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, sai ga shi yana durƙusa wa sa'o'in 'ya'yansa. Aka saki Kamilu bisa sharaɗin ya goge duk bidiyoyin daga intanet, kuma ba zai ƙara ba. Wayar rumfa ta zauna a hannun hukuma. Ta kwandon kuwa, mai tumatir ya tsince ta, kuma da yake mutumin kirki ne ya aiko masa da ita.

Bai ɗora bidiyon Inna Saude ba, domin yana tsoron komawa inda ya fito. Amma duk wanda ya kawo caji sai ya ja shi gefe ya nuna masa. Magana ta yi ta yawo har ta koma Maradun.

Wata Talata, ranar kasuwarmu, wani siririn saurayi mai sanda a kafaɗa ya yi sallama a ƙofata. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da aiki da zafi. Ya ce shi ne Hamma, ɗan Saude, yana neman mai fim. Na raka shi, na tsaya a bakin ƙofa, domin ban san abin da sandan nan za ta yi ba. Ba ta yi komai ba. Ya jingine ta a bango, ya gaishe da Kamilu kamar yadda ya gaishe ni, ya ce, "An ce kana da hoton innata. Ina son in gani."

Kamilu ya yi ta kame-kame, daga baya ya miƙa masa wayar. Hamma ya kalla daga farko har ƙarshe, bai ɗaga kai ba. Ana jin muryar tsohuwar ƙasa-ƙasa, tana maimaita kalma ɗaya.

Ya ce, "Tun ranan nan ba ta fita. In babur ya wuce sai ta rufe kai. Da dare ba ta barci, da rana ba ta magana." Ya juya wayar ya miƙa wa Kamilu. "An ce mini abin dariya ne kake yi. Nuna mini wurin dariyar, Malam, ko ni ma in yi."

"Ai ba ita munka nufa ba," in ji Kamilu. "Tsautsayi ne. A ƙasashen da sunka ci gaba, in an gama sai a rungume juna, har a ba mutum kyauta."

"Ni ban san can ba. Goge shi ina gani."

Kamilu ya goge. Hamma ya ɗauki sandarsa ya ce, "Na bar ka da Allah." Ya yi mini sallama ya tafi.

Hamma ko kwana bai sha ba Kamilu ya kece da dariya. "Bai san ina da shi a kwamfuta ba. Wallahi Yaya Mas'ud, irin wanga hoton a waje lambar yabo yake ci. Ka ga yadda ta rufe ƙwaryar? Ko 'yar wasa ba ta iya haka."

Na rufe shago, na hau babur zuwa Ruwan Gizo, na sami Malam Jatau a gona, na gaya masa duk abin da ya faru. Ya saurara yana goge laka daga hannunsa. Ya ce, "Na gode, Mas'ud."

Washegari da safe ya iso. Ya gaishe ni, ya shiga shagon ɗansa, ya zare wayoyin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ya rungumo ta ya ɗora a bayan babur, ya ɗaure da roba kamar buhun taki.

"Baba, sana'ata ce fa!"

"Sana'a ita ce wadda in ka gama ka iya kallon mutane," in ji Malam Jatau. Ya tayar da babur. 'Yan'uwan Kamilu sun ce a bayan gida dattijon ya sa wa kwamfutar gatari.

Shagon bai ƙara wata biyu ba ya rufe. Yanzu wani mai aski ne a ciki, ya shafe jan fentin da shuɗi. Kamilu ya daina yi mini magana, yana gaya wa mutane hassada ce ta sa na kashe masa sana'a. Mai Gadin Madatsa ko minti ɗaya ba a ɗauka ba.

Gwiwar Nagode ba ta ƙara lanƙwasa ba. Ya bar dako, yana zaune a kan benci a bakin tasha yana sayar da rake, Taiba tana suyar awara a gida. Duk kaka Malam Jatau yakan aika masa da shinkafa, ya aika wa Inna Saude. Ita sai da ta shafe wata bakwai sannan ta koma kasuwa, kuma sai Hamma ya raka ta ya zauna kusa. Malam Ishaq ya ajiye aiki saura shekara biyu lokacinsa ya cika. Ni kuma duk ɗinkin gidan Nagode a kaina yake, kuma na san wannan ba ya mayar da gwiwa.

Kamilu yana Gusau yanzu. Wani mai neman kujerar siyasa ya ɗauke shi yana kula masa da shafukansa, yana ɗaukar hotonsa in zai raba wa mabukata atamfa. An ce ya ƙware, ya san daidai lokacin da zai matso da waya kusa da fuskar mai kuka.

Da sallar da ta wuce ya zo gida cikin motar da ba tasa ba. Ya tsaya a tasha, samari sun kewaye shi, yana gaya musu Zamfara ba ta kai ga fahimtar irinsa ba, kuma ya kusa rasa ransa saboda fasaha. Ya ja leɓe yana nuna musu tabo, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa. Da ya gama ya taka zuwa bencin Nagode, ya zaɓi rake mai kauri, ya sa aka fere masa. Ya gatsa, ya tauna, ya tofar, ya ce bai yi zaƙi ba, a rage masa wani abu. Nagode ya rage masa.